Kwalbar da Na Ƙi Karɓa

Shekarun baya, shekarar da jirgin ƙasa ya fara isowa Gaundare, ina fawa a babbar kasuwar Garwa. A lokacin na yi wani aboki, Bature ɗan ƙasar Sifen, mai gyaran injuna a ma'aikatar siminti ta Figil. Duk Asabar yakan zo sayen nama. Kowa "Mushe" yake ce masa, kamar yadda ake kiran Turawa a nan, ni kuwa na ƙi. Wane mahauci ne zai riƙa ambaton mushe a gaban teburinsa? Sai na riƙa ce masa sobajo, wato aboki da Fulatanci, shi ma ya rama.

Abokin nan nawa yana da jar giyar inabi ta ƙasarsu, kuma don ita yake zaɓen nama. Ya ce inabi iri biyu ake haɗawa, ɗaya mai ƙarfi da bauri, ɗaya mai taushi. Wai ba ta shiri da kifin Binuwai, barkono mai yawa kuma kashe ta yake yi. Abin da take so haƙarƙarin rago mai kitse, gashin garwashi, gishiri da tafarnuwa kawai, ko ƙaurin sa da aka dafa har ya saki ƙashi.

"Sobajo, wannan ai suruka ce ka ajiye a kwalba," na ce masa. "Komai sai an bi ra'ayinta."

Ya yi dariya har da tari. Duk da haka abin ya ɗan tsaya mini a rai, na kai wa malamina maganar. Ya ce, "Nama kake sayarwa ko giya?" Na ce nama. Ya ce, "To, yanka da bisimilla, ka auna da gaskiya."

Ana gab da Kirsimeti sai ga shi da kwalba a naɗe cikin farar takarda, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce ba shi da abin da ya fi ta daraja a ƙasar nan. Wuƙaƙen mahauta duk suka tsaya. Na mayar da hannuwana baya kamar ɗan makaranta a gaban bulala, na ce, "Allah ya saka, amma mu ba ma taɓa ta."

Wani maƙwabcin teburina ya ɗaga murya: "Karɓi mana, ka yi wa suruka masauki!"

Aka fashe da dariya. Fuskar abokina ta yi ja, ya juya ko nama bai saya ba. Daga ranar sai kukunsa ke zuwa, kuma wani teburin yake nufa.

Da na gaya wa mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, sai ta ce, "Kwalba kam ka yi daidai. To hannun da ya miƙo ta fa? Shi ma haram ne? Wanda ya mayar da kyauta, ana binsa bashin karɓar wata."

Na yi ta jan ƙafa har damina ta wuce, sannan na ji aikinsa ya ƙare, zai koma gida. Na gasa haƙarƙarin rago yadda yake so, na naɗe a takardar siminti, na hau babbar mota zuwa Figil. Sai a hanya na lura siminti nake kai wa masu siminti.

Na same shi yana ɗaure kaya. Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, ya shige ɗaki. Na ce a raina yau kam zai rama abin da na yi masa. Sai ga shi da wani gwangwani cike da busasshen inabi, wanda mahaifiyarsa ta aiko masa.

"Wannan fa, sobajo?" ya ce. "Shi bai bar Musulunci ba tukuna."

Na sa hannu biyu na karɓa, na yi bisimilla na ci a gabansa. Muka zauna a kan akwatunansa, shi yana yagar nama, ni ina tsintar inabi.

Ko yau aka miƙo mini kwalbar nan, baya zan mayar da hannuna. Sai dai na koyi riƙe mutum ko da na saki kyautarsa. Ban sake jin labarinsa ba. Abin da na sani, da ya raka ni bakin hanya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka biya ni." Na ce, "Alhamdu lillahi."