Sulen Mabruka

Duk garin Subaitila na ƙasar Tunis an san Si Muldi maƙerin azurfa ba ya rufa wa ƙarfe asiri. Ka kawo masa awarwaron kakarka, ya goga a baƙin dutsensa, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ce maka gwangwani ne, sannan ya miƙo maka shayi ka haɗiye maganar da shi. Abu ɗaya ne bai taɓa gogawa ba, wato sulen Rumawa da matarsa Mabruka ta shekara arba'in tana ratayawa a wuya.

Mahaifinta ne ya tono shi yana huɗa a gonar zaitun, ya ba ta ranar aure, ya rantse azurfa ce tsantsa. Ita kuwa babu bikin da ba ta faɗa wa mata haka ba. Tun kallon farko Si Muldi ya gane jan ƙarfe ne aka yi wa wankan azurfa, irin na zamanin da sarakunan Rum suka tsiyace. Ya rufa wa sulen asiri. Duk shekara idan an fara tsinkar zaitun ta cire shi, sai ya ce zai duba sarƙar, ya kai shago ya sake wa sulen wanka.

Bara Mabruka ta rasu. 'Ya'ya suna Tunis, sai waya ranar Juma'a. Yakan wuni a shago shi kaɗai yana murza sulen da babban yatsa, har hancin sarkin da ke jikinsa ya yi ja.

Wata Laraba Si Lazhar, tsohon malamin tarihi, wanda shi ne ya rage mai leƙo shi, ya ga sulen. Ya ɗauki gilashin ƙara girma ya duba. Ya ce wannan sarki 'yan watanni ya yi a gadon mulki, samun kuɗinsa sai an tona, gidan tarihi za su karɓa hannu bibbiyu. Amma azurfar da aka lafta ta kusa cinye rubutun.

"Wane jaki ne ya yi wannan aika-aika?"

"Jakin da kake shan shayinsa, malam."

Si Lazhar ya yi tari. Ya ce ba komai, masana za su kankare shi ya koma asalinsa, a sa shi cikin gilashi, a rubuta sunan Mabruka a ƙasa. Si Muldi ya ji daɗin wannan, har ya tambayi me kuma za a rubuta. Malamin ya ce ai gaskiya: jan ƙarfe, da ɗan ɗigon azurfa.

Si Muldi ya tuna matan unguwa da Mabruka ta sha faɗa wa azurfa ce, waɗanda jikokinsu duk sun iya karatu. Ya miƙa hannu ya karɓe abinsa.

"Sarkin naka watanni ya yi yana wannan ƙarya. Ni shekara arba'in. Wa ya fi haƙƙi a kansa?"

Si Lazhar ya tafi yana ƙunƙuni, shayinsa rabi. Zaitun ya riga ya fara baƙi a gonaki, lokacin tsinka ya zo. Si Muldi ya sakaya ƙofar shago, ya hura wuta.