Yadda Anti Nerys Ta Hau Tudun Eithin

Duk wanda ya tashi a kwarinmu, in dai bai haura arba'in ba, to Anti Nerys ce ta kai shi makaranta. Nerys Probert ne sunanta, amma daga yaran har iyayensu ba mai kiranta haka. Ta yi kusan shekara talatin tana jan ƙaramar bas ɗin makaranta a siraran hanyoyinmu na Wales, can Birtaniya, inda in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya, kuma ko madubi ba ta taɓa gogewa ba. Kullum tana manne da hannunta na hagu, don a nan hagu ake bi, tana danna oda kafin kowace kwana, wanda duk ta gifta kuma sai ta ɗaga masa yatsa ɗaya daga kan sitiyari, don gaisuwarmu ke nan. Mu masu gaggawa mun sha cizon yatsa in muka faɗo bayanta. Tarakta ma ta taɓa wuce ta, a kan idona aka yi.

Mijinta Emlyn kuwa wani irin mutum ne daban. Makaniken injinan gona ne, shiru-shiru, amma yana da wata tsohuwar ƙaramar mota Mini koriya da ya haɗa da hannunsa, in ya shige ta sai ka rantse an canja shi. Hawan Tudun Eithin shi ne rayuwarsa. Hanyar gona ce mai kwalta da ta nannaɗe tudun har ƙoli. 'Yan lokuta a shekara mai gonar ya kwashe tumakinsa, mu rufe hanyar, mu jera dammunan ciyawa a kowace kwana, motoci su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ka da abokin tsere sai agogo, kafin ka gama jin tsoro ma ka kai sama. Ni Dilwyn aikina a wurin tashi yake, ni ke tokare tayar baya da waigin katako kada mota ta gangara kafin fitila ta ba da hannu. Nerys kuma nata shi ne fulas ɗin shayi da wainar zabibi.

Sai idon Emlyn ya fara dushewa. A bazarar da ta wuce likita ya ce tuƙi ya ƙare, shi kuma bai yi musu ba. Ya dawo gida ya lulluɓe motar da tamfol, ya zauna a kujerar bakin murhu, ya daina zuwa ko'ina. Da na je gaishe shi na tarar ya rame, gemu ya cika masa fuska. A gabana ya ce ya sami mai sayen motar, wani Mista Ashworth daga Ingila, kuma shi da tudu har abada.

Nerys ta dire butar shayi. "In motar nan ta fita daga gidan nan, tsoho, kai ma ɗaukarka za a yi a bayanta. Ina kallonka. Ni zan tuƙa ta."

Na ƙware da shayi. Emlyn ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba.

"Ke? Haba Nerys! Ai sai a aika a kawo mana kalanda, agogo ba zai iya ba."

"Ka gama? To ni zan tuƙa ta."

"Na ji. Hawa mai zuwa naki ne. Amma Ashworth zai zo da tirelarsa. In kika ja min mota kamar kin ɗebo 'yan makaranta, ranar zai tafi da ita. Ban haɗa ta don zuwa cefane ba."

Nerys kuwa ba wasa take ba. Ta nemi lasisin wasan, ta sayi hular kwano, ta ari rigar da wuta ba ta ci a wajen wata 'yar ƙungiyarmu, ta naɗe ƙafafun wandon don sun yi mata tsawo. Labari ya zaga kwari, ranar hawan kuwa har waɗanda ba ruwansu da mota sai da suka zo.

Al'adarmu ce da sassafe direbobi su taka tudun da ƙafa kafin a tayar da inji. Nerys ta riƙe hannun Emlyn suka hau, yana laluben gefen kwalta da takalminsa yana yi mata karatu. Nan ki buɗe zuwa dama. Nan ki yanko ciki har taya ta shafi ciyawa. Da suka kai Doro, inda hanya ke ɗagawa ba ka ganin komai sai sama, ya tsaya.

"Nan ake gane direba. Bayansa miƙaƙƙiya ce. Kada ki ɗaga ƙafa daga totur."

"To," in ji ta, kamar an ce ta sayo gishiri.

Hawan gwaji na farko ba zan manta da shi ba har in mutu. Na sa waigi, fitila ta koma kore, Anti Nerys ta duba madubi, ta duba kafaɗarta, sannan ta tashi a hankali. Da ta tunkari kwanar farko sai ga sigina tana ƙiftawa! Jama'a suka kwashe da dariya har wani ya faɗo daga kan shinge. Sauran labarin a rediyon masu tuta da ke gadin hanyar na ji shi, kuma yawancinsu yaran da ta kai makaranta ne. Ta hau tudun nan kaf a hannun hagu, ta bar rabin hanya fayau ba kowa. Ta danna oda a Doro. Kowane mai tuta kuma sai da ta ɗaga masa yatsa, su ma don ladabi suka mayar. Hawa na biyu ta bar sigina, amma hagun nan tana nan manne da shi.

Da aka tashi cin abincin rana na iske su a gindin motar. Emlyn ya cika ya yi fam. Mista Ashworth, mutumin kirki mai jar hula, yana zagaya motar yana shafa ta kamar ta riga ta zama tasa.

"Hanya a rufe take, Nerys!" in ji Emlyn. "Taki ce ke kaɗai, hagu da dama! Wa kike bar wa rabi?"

"Kada ka yi min tsawa a gaban mutane," ta ce. "Na san a rufe take. Kaina ya sani, hannuna ne bai yarda ba. Shekara nawa ina ɗauke da 'ya'yan mutane? Duk kwanar da na tunkara, tankar madara nake gani tana gangarowa."

Wallahi nan take na daina ganin abin dariya. Tausayinta ya kama ni, don duk wannan taka-tsantsan da muke yi wa ba'a shi ya dawo mana da yaranmu gida lafiya kullum.

Sai ta juyo gare ni ta ce, "Dilwyn, wa ya rufe ƙofar sama, wadda ta fita babban titi?"

"Mai gonar, tun da safe."

"Ka gani da idonka?"

"A'a, amma ai..."

Ta ajiye waina ta kama hanya. A ƙasar tumaki muke, kuma a nan ba mai yarda da ƙofar da ba shi ya rufe ba. Ta taka tudun nan da ƙafa a karo na biyu, da shekarunta sittin da ɗoriya, har ƙoli. Waɗanda ke can sun ce ta kwance sarƙar ƙofar, ta sake naɗa ta da kanta, ta girgiza ta da ƙarfi. A hanyar saukowa ta tsaya wajen kowane mai tuta. A Doro ta sami Carys, wadda a da take yi mata amai a kujerar baya kusan kullum.

"Ke Carys, in wani abu ya shigo hanyar nan fa?"

"Jar tuta za ki gani tun daga nesa, Anti. Ko tunkiya ba za ta wuce ni ba. A da ke kika tsare mu, yau mu ke tsaron ki. Amma don Allah ki daina gaishe mu, kunya kike ba mu!"

Hawan farko na yamma, wanda ake lissafawa, ta ba kowa mamaki. Ta tashi da ƙarfi har taya ta yi ƙara, ta buɗe zuwa dama a kwanar farko. Jama'a suka ɗau sowa. Emlyn yana tsaye kusa da ni, ya karkata kai yana bin kukan injin da kunne. Fuskarsa ta fara washewa, sai kuma ya girgiza kai.

"Ta ɗaga ƙafa a Doro."

Mista Ashworth ya je ya sauke matakalar tirelarsa. Saura hawa ɗaya.

Da ta dawo layi na durƙusa na sa waigi. Ta cikin hular kwano idanunta kawai nake gani, ba ta kalli madubi ba, ba ta kalli kowa ba. Injin ya ɗau kuka. Kore!

Motar nan ta fizga har tsakuwa ta feso min a ƙafa. Ta shige kwanar farko ta ɓace mana, Emlyn ya damƙe min hannu.

"Giya ta biyu. Yawwa. Ta uku, maza, ta uku! Yawwa 'yar gari! Birki yanzu... ta yi. Kai, ta yanko ciki, ka ji ta? Ka ji ta, Dilwyn?"

"Ina ji, sakar min hannu kada ka karya ni!"

"Ga Doro nan. Riƙe. Riƙe, Nerys. Riƙe!"

Kukan injin ya yi sama, ya ƙara sama, bai yanke ba, bai ko numfasa ba, har ya faɗa bayan tudu. Sai rediyo ta fashe da muryar Carys, ta manta da duk wata ƙa'idar magana: "Ta wuce! Tayoyinta sun bar ƙasa! Ko kallona ba ta yi ba!" Filin ya kaure. Ni da na kusa saba'in na tsinci kaina ina tsalle da waigi a hannu. Mai lasifika ya faɗi lokacinta, ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, amma ta bar maza uku a baya, kuma har yau ba a bar su sun sha iska ba.

Da motocin suka gangaro a jere, Nerys ta tsaya ta cire hula, gashinta ya jiƙe sharkaf, tana dariya tana haki. "Tsoho! Ashe abin da kake ɓoye min ke nan shekara da shekaru? Cikina sai da ya taɓa maƙogwarona!"

Emlyn ya matso gun motar. Ya durƙusa ya bi tayoyin da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ji zafinsu, ya tsinto ciyawa a bakin ta dama ya murza ta a yatsunsa. Mista Ashworth ya yi gyaran murya ya tambaya ko ya matso da tirela.

"Ba ni sifana, Dilwyn," in ji Emlyn.

Na miƙa masa. Ya buɗe ƙofar direba, ya zaro matasan kai biyu da ta cusa a bayanta don ƙafarta ta kai, ya jefar kan ciyawa. Kujerar nan a ɗaure take da noti daidai tsawon ƙafarsa tun ranar da ya haɗa motar, ba wanda ya taɓa motsa ta. Ya kwanta rabin jikinsa a ciki, yana lalube yana kwancewa. Mista Ashworth ya tsaya ya kalle shi na ɗan lokaci, sannan ya juya ya je ya naɗe matakalarsa. Emlyn ya tura kujerar gaba.

"Zauna. Ƙafarki ta kai?"

"Ta kai."

"Har ƙasa?"

Ta taka totur. "Har ƙasa."

"To riƙe min nan, in ɗaure."