Fentin Sabuwar Jiha

Shekarar da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jihar Kebbi, ina aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, kan hanyar Aliero. Iska ta daɗe da yaye kwanon ajinmu. Da hadari ya taso, sai malam ya ce kowa ya ruga gida.

Ran nan aka ce manya za su zo. Muka share fili, iyayenmu suka bar aikinsu suka jeru bakin makaranta. Babana, wanda da ƙyar ya yarda ya sa ni boko, har da rigarsa ta Juma'a.

Mota ta tsaya, mutum biyu suka sauko da gwangwanin fenti. Suka shafe sunan tsohuwar jiha a bango, suka rubuta sabuwa, suka loda buhun albasar da aka tanadar musu. Wallahi ko ɗaga kai ba su yi sun dubi rufin ba! Har yau abin na ci mini rai.

Babana ya kama hannuna ya ce, "Taho mu tahi gona. Can ko ruwa ya dake ka, wani abu na tsirowa."