Waƙoƙin Niƙa a Cikin Kwali

Ni ba mai haƙuri ba ce, kowa a gidanmu ya sani. Mahaifiyata, wadda ta ƙare rayuwarta tana sayar da atamfa a kasuwar Kafanchan, da ta ji na samu aiki a laburare sai da ta yi dariya har da hawaye, wai ina zan kai wannan bakin nawa a inda aka hana surutu. Amma na zauna, na kuma daɗe. Laburaren wata makaranta ce da ba zan ambaci sunanta ba. Aikina shi ne ba littattafai lamba: in duba abin da littafi ya ƙunsa, in rubuta masa kati, in manna masa lamba a baya, kowa ya san kantar da zai same shi.

Cikin masu zuwa mana akwai wani dattijo daga Fadan Kagoma, tsohon malamin firamare. Ba ɗalibi ba ne, ba kuma ma'aikaci ba, amma ba wanda ya taɓa tare shi a ƙofa. Baba muke ce masa. Hausarsa irin ta nan ce, mace da namiji duk "ka" ne. Da ya shigo sai ya ce mini, "Malama, ka kwana lafiya?" sannan ya wuce can ƙurya, kusa da taga, inda muke ajiye littattafan yarukan ƙasar nan, waɗanda ba ma bayarwa aro.

Kullum littafi ɗaya yake ɗauka, wani ɗan siriri mai bangon kore da ya koɗe. Na daɗe kafin in tambaye shi. Ya ce waƙoƙin da matan Kagoma ke yi ne a kan dutsen niƙa da wajen dakan acca. Mai ɗakinsa ce ta bi tsofaffi gida gida ta rubuta su, aka buga kaɗan a wani ɗan injin coci. Ta yi barci cikin Ubangiji, in ji shi, wato ta rasu, nasa kwafin kuma gara ta cinye tun da jimawa. Wannan na laburarenmu shi kaɗai ya sani ya rage.

A shekarar da nake magana a kai idonsa ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne, likita kuma bai ɓoye masa ba: ganin da ya tafi ba zai dawo ba, sauran ma yana kan hanya. Sai ya shiga zuwa a kai a kai, yana kai littafin dab da hancinsa, yana bin layi da yatsa. Ya ce mini so yake ya karance shi tas tun yana gani, ya zuba shi a kai.

A daidai lokacin ne umarni ya zo cewa mu bar tsohon tsarin lamba mu koma sabo. Tsohon lambobi ne zalla. Sabon kuwa haruffa ne a gaba, lambobi a baya, shi ne wanda manyan makarantu ke bi. Ban ƙi ba, wallahi. Tsari ne mai kyau, ya fi ɗaukar littattafai masu yawa. Yadda aka yi aikin ne ya ƙona mini rai. Masu duba makarantu na tafe, lokaci ya ƙure, sai aka ce kada kowa ya tsaya nazarin littafi. Ka ɗauka, ka buga sunansa a kwamfuta, in wani laburare a duniya ya riga ya ba shi lamba, ka kwafa ka manna. In kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, ka jefa a kwali, za a waiwaye shi daga baya.

To, su wa kwamfuta ba ta sani ba? Littafin lissafin da aka buga a ƙasar Turawa ta san shi har da kakansa. Amma littafin koyon karatu da yaren Bajju, da tarihin wani ƙauye da limamin coci ya rubuta, da wa'azin wani malami na Jama'a, duk ba ta taɓa jin labarinsu ba. Kafin in ankara kantar kusa da taga ta zama wayam. Ranar da aka kwashe ta ina gida, ɗiyata ba lafiya. Na dawo na tarar an cakuɗa su da tsofaffin mujallu da littattafan da bangonsu ya cire, an cika kwalaye, ba ko rubutu a jikinsu, an jibge a sito an kulle.

Baba ya zo ya tsaya gaban kantar yana shafa katako. "Malama, ina ka kai shi?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, don shi ma ya yi aikin gwamnati. "Yaushe za a fito da shi?"

Na ce ba da jimawa ba, Baba. Ban san amsar ba, shi ma ya san ban sani ba.

Na haye ofishin shugabanmu ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, makullin sito nake so." Ya ce ba za a buɗe sito ba sai baƙi sun zo sun tafi, ba ya son su ga tarkace. Na ce tarkace? Littafin matar mutum ne tarkace? Na faɗi maganganu da yawa ran nan, har sakatariyarsa ta tashi ta rufe ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya cika shi, don in baƙin suka kushe laburaren shi za a fara tuhuma. Ya ce in yi haƙuri. Na ce ni zan iya, idon tsohon nan ne ba zai iya ba. Bai ba ni ba.

Baƙin suka ɗage zuwansu, suka sake ɗagewa. Damina ta sauka sosai. Baba yana zuwa, ya tambaya, ya ɗan zauna a kujerarsa ya tafi. Na lura ya fara riƙe bango in zai sauka matakala. Daga nan ya daina zuwa, ni kuwa duk lokacin da ruwa ya kece sai in tuna kwanon siton nan yana yoyo.

Da baƙin suka zo suka yaba suka tafi, aka miƙo mini makullin. Kwali bayan kwali na riƙa buɗewa, ni kaɗai, da tsumma ɗaure a hanci. Na ƙasa sun jiƙe, wasu sun manne da juna kamar ƙosan da ya kwana. Na same shi a tsakiyar wani kwali, cikin wata mujallar noma. Danshi ya taɓa gefensa, amma rubutun na nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Lambarsa da hannuna na ƙirƙira, kamar yadda aka koya mana tun kafin kwamfuta. Ba na jin yaren, amma Baba ya riga ya faɗa mini abin da ke ciki, sai na sa shi a sashen waƙoƙin gargajiya. Na aika masa saƙo ta wajen yayana, wanda ke zuwa Kagoma sayen citta.

'Yarsa ce ta kawo shi, tana riƙe da hannunsa. Ta zaunar da shi kusa da taga, ta ce za ta je asibiti karɓo masa magani ta dawo. Na sa masa littafin a hannu. Ya shafa bangon, ya gane shi nan take. Ya buɗe, ya kai fuska, ya juya wajen haske, ya sake matso da shi. Na tsaya ina kallonsa.

"Babu, Malama," ya ce. "Ganin ya tafi."

Na ce, "Baba, ka yafe mana."

Ya tambaye ni inda ya tsaya, wai ya naɗe gefen shafin, in duba. Na duba, na ga naɗin. Saura waƙoƙi kaɗan ya kai ƙarshe. A da, in na kama ɗalibi ya naɗe mini shafi, sai ya gwammace bai shigo ba. Ran nan na bar naɗin yadda yake.

Ya miƙo mini. "Ka karanta mini."

"Baba, ai ba na jin yarenku."

"Ba sai ka ji ba. Ni zan ji."

Haruffan irin na boko ne, sai na jawo kujera na fara haɗa su yadda zan karanta Hausa. Na san ɓarna nake yi. Layin farko ya tsayar da ni, ya faɗi kalmar yadda take, na maimaita, ya ce a'a, ya sake faɗa. Wani ɗalibi ya ɗago kai don ya ga wa ke surutu, ya ga ni ce, ya mayar da kansa. Muka ci gaba a haka, ina tuntuɓe yana gyara ni, har muka zo wata waƙa da ya daina gyarawa. Ya rufe idanun da ba sa gani, leɓɓansa na motsi, yana riga ni kaiwa ƙarshen kowane layi.

Da na tsaya ya ce, "Wannan mai ɗakina take yi in tana niƙa da safe." Ya goge fuska da hularsa. "Ka ci gaba. Saura nawa?"

Na juya shafi na ce, "Da sauran kaɗan, Baba." Sai na rage sauri.