Ranar Da Na Ce Kakata Mai Aikinmu Ce

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ina matar aure mai 'ya'ya biyu da cikin na uku, muna zaune a wani ƙauye kusa da Minjibir, kuma a ganina duk yankin babu macen da ta kai ni wayewa. Na yi sakandare, ina da waya mai kyau, ina sayar da turaren wuta da humra, mata suna aiko mini da saƙo tun daga Bacirawa har Rijiyar Zaki. Mijina manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, mutum mai haƙuri wanda bai taɓa hana ni nema ba. Sana'a ta karɓe ni, kaina ya yi girma, har na manta hannun da ya ɗora ni a kai.

Hannun kakata ne, wadda ta haifi mahaifiyata. Babarbariya ce daga can bakin tafkin Chadi. Da ruwa ya janye, kifi ya yi wuya, gona ta ƙi, sai ita da kakana suka taso da mahaifiyata a goye, wani wuri a mota wani wuri a ƙafa, har suka iso ƙauyen nan mai gari ya ba su aron gona. Kakana bai daɗe ba ya rasu. Da tukunyar ƙarfe ɗaya da hancinta Kaka ta raini 'ya'ya huɗu, daga baya ta riƙe ni da mahaifiyata ta rasu, da na yi aure kuma mijina ya gina mata ɗaki a gidanmu. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba, mace ta ce mata shi, namiji ta ce masa ita. A firamare yara suna kwaikwayonta suna dariya, ni kuwa tun daga nan na ƙi yarenta. In ta yi mini Barbarci sai in amsa da Hausa.

A gefenta na koyi komai, amma ni na kawo kwalabe masu kyau da takardar mannawa da ɗaukar hoto a waya. Ni kuma na kawo ƙaryar. Na lura mata sun fi girmama abin da aka ce daga waje ya zo, sai na fara cewa daga Dubai ake aiko mini da kayan. Alhali aikin wahalar duk Kaka ke yi, musamman gyaran farce, wani ɓawo na halittar ruwa da ke riƙe ƙamshin turare. Sai an jiƙa shi kwanaki, an kankare ɗaya bayan ɗaya, an soya a yashi, sannan ƙarninsa yake fita.

Wata ranar Laraba da hantsi wata Hajiya daga Rijiyar Zaki ta zo da kanta a mota. Za ta aurar da 'yarta, tana son turaren ɗakin amarya da na rabon ƙawaye, aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Muna fitowa rakiya ta hangi Kaka a gindin darbejiya cikin tsohuwar lafaya tana kankare farce, ta gaishe ta da ladabi, ta juyo ta tambaye ni ko wace ce. Na dubi ƙafafun Kaka da suka yi faso, na dubi takalmin Hajiya, sai na ji bakina ya ce wata tsohuwa ce mai taya mu aikin gida. Kaka ba ta ɗago kai ba. Bayan motar ta tafi ta wanke hannu, ta kife ƙwaryarta, ta ce da ni a hankali, "Mai aiki ya gaji, zai je ya huta." Washegari da safe ta ɗaure kayanta ta tafi gidan kawuna a cikin garin Minjibir.

Maimakon in bi ta, sai na ce a raina ai na iya, me ya rage ban sani ba. Na shiga mota na je birni na sayo farce dakakke, wanda mai shagon ya rantse mini an gyara shi. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne cikin da ke jikina. Laulayi ya kashe mini hanci, albasa da turare duk ɗaya nake jin su. Kwana uku ina kan murhu, ina dafa sukari ina juya itace, in tashi in yi amai in dawo, ƙaramin yana riƙe da zanena yana kuka, bayana kamar zai rabe. Na gama na cika kwalabe na jera su, ina kallonsu ina jin daɗi. Saura kwana biyar in kai kaya, mijina ya dawo daga gona da la'asar, na ɗebo garwashi a kasko na zuba don in burge shi. Hayaƙi na tashi ya kama tari, babbar 'yata ta toshe hanci ta gudu waje. Ya ce in yi haƙuri, amma wannan ƙarnin kifi yake da ƙaurin sukarin da ya ƙone. Na yi musu, na kira maƙwabciyata, ita ma ta faɗi haka. Muka buɗe kwalba bayan kwalba, babu ta ɗauka.

Na zauna a ƙasa ina kuka. Mijina ya bari na yi mai isata, sannan ya ce shi ba turaren ne ya dame shi ba, 'yarmu ta ji abin da na faɗa a gaban baƙuwa ta gaya masa, kuma tana ta tambayarsa ko da gaske Kaka ba tamu ba ce. Wannan tambayar ta fi asarar yi mini zafi. Da sassafe ya ɗauke ni a babur har gidan kawu. Na durƙusa a gaban Kaka. Abin da ta fara tambaya shi ne ko na karya, ko abin cikin yana motsi. Daga nan ta ce ita ba ta ji haushin a kira ta mai aiki ba, domin tun tana yarinya aiki take yi, ba ta taɓa jin kunyarsa ba. Abin da ya sosa mata rai shi ne na mayar da mahaifiyata, wadda ta goyo daga bakin ruwa zuwa nan, 'yar da ba ta da kowa. Na kama ƙafarta ina roƙo. Can ta miƙo hannu ta karɓi kwalbar da na zo da ita, ta shinshina sau ɗaya, sai ta fashe da dariya har da hawaye, ta lissafo mini kurakuraina ɗaya bayan ɗaya kamar tana tsaye a kaina lokacin da nake yi.

A ranar muka dawo da ita, kuma ban taɓa ganin kwana huɗu masu daɗi irin waɗanda suka biyo baya ba. Ashe tana da farcen da ta gyara tuntuni ta ɓoye a ƙasan akwati saboda turaren jegona, shi ta fito da shi duka. Maƙwabta uku suka zo da taɓare suna dakan itace, mijina ya bar gona yana faskare, Kaka tana kan kujera 'yar tsuguno tana ba da umarni tana waƙa da yarensu. Ni aka ba juyi, ita ke shinshinawa ta ce in sauke ko in ƙara. Ƙamshi ya cika unguwa har masu wucewa zuwa rijiya suna leƙowa. Muna aiki muna dariya, gajiyar ma daɗi take yi mini.

Ranar kai kaya na ce lallai tare za mu. A falon Hajiya, kafin a buɗe kwali, na ce, "Hajiya, ƙarya na yi miki. Babu abin da ya zo daga Dubai, a tsakar gidanmu aka yi shi. Wannan kuma kakata ce, ita ta koya mini." Fuskarta ta canja, ta ce ba ta son a raina mata hankali, amma a kawo kasko ta ji. Hayaƙi bai gama zagaya falon ba sai ga surukarta, tsohuwa tukuf, ta fito daga ɗaki tana dogara sanda tana tambaya da Barbarci. Kaka ta amsa mata. Suka riƙe hannun juna suka zauna, suka fi awa suna hira, su yi dariya su share ido. Daga baya Hajiya ta gaya mini tsohuwar cewa ta yi rabonta da wannan ƙamshin tun a ɗakin mahaifiyarta. Ni kuwa ina zaune a gefe, ko kalma ɗaya ban gane ba. Hajiya ta karɓi kayan, ta ce albarkacin tsofaffin nan na ci.

Na cire tsohuwar takarda na rubuta gaskiya a kan kwalabena. Wasu masu saye sun gudu, na kuma sha gori a waya, amma bayan bikin waɗanda suka zo sun fi waɗanda suka tafi. Na haifi mace, ta ci sunan Kaka. Satin da ya wuce na buɗe ɗan shagona a bakin titi, ina goye da jaririyar, Kaka ta zuba turaren farko a wuta da hannunta, na yi ta murna kamar yarinya ranar sallah.

Duk da haka, kalmar da na faɗa a gindin darbejiya ba ta gogu ba, ta yafe mini amma ni ina tuna ta. Na gane cewa wahalar sana'a da ciki da goyo duk mai wucewa ce, ana jure ta a ci gaba. Abin da ya kusa rusa ni jin kunyar asalina ne. 'Yan uwana mata masu saye da sayarwa a waya, kada ƙawar kwalba ta sa ku ƙarya, kuma ku sani 'ya'yanku suna jin duk abin da kuke faɗa a kan iyayenku. In akwai tsohuwa a gidanku da ta taso daga nesa ta sha wuya kafin ku samu wurin zama, ku nuna ta ga baƙi da sunan da Allah ya ba ta a wurinku. Ku zauna kusa da ita ku yi ta tambaya tun tana iya ba ku amsa.