Ƙanin Kowa

Ƙanin Kowa ake ce masa a ƙofar asibiti, har an manta sunansa na yanka. Asalinsa ɗan dako ne mai tura baro. Dokar asibitin ce ta zaunar da shi gindin katangar nan: ba a ƙara wa mara lafiya jini sai danginsa sun zuba wani a madadinsa. Dangi kuwa ka san su. Ana ambaton allura sai kawu ya tuna yana da hawan jini, gwaggo ta tuna ta bar tukunya a wuta. Sai a fito a yi ciniki da irin su Ƙanin Kowa, ya shiga ya naɗe hannun riga ya ce shi ƙanin majinyaci ne. Ma'aikacin ɗakin jini ya san ƙarya ce, kasonsa kawai yake karɓa ya kau da kai. Tir da sana'a irin wannan! Amma da ita ya riƙe 'yarsa tilo tun rasuwar uwarta, har ya aurar da ita.

Ranar da 'yar ta zo haihuwa, jini ya ɓalle mata. Aka ce ledar jini biyu ake buƙata, a kawo dangi. Mijinta direba ne, yana kan hanya. Uban ya ruga ɗakin jini, yau dai da gaskiyarsa. Ma'aikacin ya ja masa fatar ido ya duba, ya ce ai shekaranjiya aka ɗebi nasa, in aka ƙara a nan zai zube.

"To ba ni na shekaranjiyan, ga shi can a firji."

"Na surukar wani ɗan kwangila ne, an ajiye ko za a buƙata. Kai da bakinka ka ce ƙaninta ne kai."

Ya juya cikin takaici. Ya fito wurin abokan sana'arsa, mutanen da suke cin abinci kwano ɗaya. Suka jajanta masa ƙwarai, sannan suka faɗi farashi, ko ragi babu. Sabo kam turken wawa ne. Ya tura baronsa kasuwa ya sayar a wulaƙance, ya dawo da 'yan'uwa biyu na saye.

A bakin ɗakin haihuwa ungozoma ta tare shi, ta miƙa masa jaririya tana sunkuyar da kai. 'Yarsa ta riga ta cika. Ita kuwa surukar ɗan kwangila lafiya lau aka sallame ta, ko taɓa ledar ba a yi ba.