Harafin Kakata a Bangon Zaure

Kakata da yayanta ciki ɗaya suka fito, amma tsufa bai yi musu rabo daidai ba. Shi an kai shi makarantar allo, ya sauke, ya shiga littattafai, har ya tsufa yana gyara wa liman karatu daga sahu na biyu ba tare da an roƙe shi ba. Ita kuwa ƙwarya aka ɗora mata, ta yi tallan fura. Da shekaru suka ja, shi gwiwa ce ta gaza. Ita hanyar gida ce ta fara ɓace mata.

Zamanin Turawa ne, gidajen unguwarmu ta Sarkin Dawaki duk jar ƙasa, wannan zaure kamar wancan. Sai ta dawo daga kasuwa ta faɗa gidan maƙwabta, ta zauna, ta yi wa matan faɗa a kan shara. Dangi suka yanke shawarar a kai ta Sunkani wurin gwaggona, inda ba za ta ƙara fita ba.

Mahaifina yana koyar da ajin manya da la'asar. Ya nemi a ba shi damina ɗaya.

"Inna, gobe za ki makaranta," in ji shi.

"Kai ɗan nan, ɗalibai ka rasa?"

Yayanta ya ce, "Tafi ki gwada. Da ke aka kai tun muna yara, da yanzu ni ake nema a gidajen mutane."

Ta je, da tabarmarta, ta zauna can gefe da maza. Ba zan ce ta iya karatu ba, ba kuma zan ce ta warke ba. Ni kaina tana kirana da sunan wani da ya rasu kafin a haife ni. Harafi ɗaya ta riƙe, B, wanda ta raɗa wa suna mai ciki biyu. Mahaifina ya jiƙa farar ƙasa ya zana shi a bangon zaurenmu, tsayin mutum. Tana zuwa sai ta tsaya, ta dube shi, ta shigo. Maganar Sunkani ta mutu.

Matsala ɗaya aka samu: maƙwabta suka ga abin ya yi kyau, kowa yana son harafi a bangonsa. Mahaifina ya bi su gida gida, da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa a ƙwarya, yana zana wa kowa wanda ya zaɓa, ban da B. Kakata ta ci gaba da zuwa kasuwa ita kaɗai har ƙafa ta hana ta.